Ƙwaya Uku, Suna Ɗaya

Asabar, 28 ga Agusta, 2021, ƙarfe biyar saura kwata na yamma. Ɗakina, Batsari. Ruwa ya ɗauke, wuta ba ta dawo ba.

Yanzu muka dawo daga Darini. Fanta ce ta ja ni, tunda ita ke raba maganin rigakafin zazzaɓi na yara a can, wanda ake bi gida-gida duk wata har damina ta wuce. Ta ce zaman da nake yi a ƙaramin asibitinmu ina jiran kiran bautar ƙasa ba abin da yake ƙara mani, in zo in taya ta yi wa mata bayani kafin zagaye na uku. A tsakar gidan Yaya Hansai, yayata da ke aure a can, aka taru. Mata sun kai talatin.

Fanta ta yi nata a taƙaice: ƙwaya ce, kwana uku ake sha, ta farko a gabanta. Ta miƙo mani katin ƙwayoyin in riƙe mata za ta gyara goyo. Sai Inna Naja, uwar mijin Yaya, ta ce, "Ke ɗiyar Malam, shekara huɗu kina jami'a, mi kika karanto muna?" Aka yi dariya. Yaya ta ce, "Faɗa masu, Mahfuza, kar su ce zaman banza kika yi."

Na faɗa masu. Wannan ne karo na farko da na yi bayanin kundin digirina da Hausa, kuma wallahi na ji daɗin bakina.

Na ce ƙwayar cutar zazzaɓi ba kama ɗaya take zama ba. Sauro ya zuba ta da yawunsa, ta wuce hanta ta ɓuya kamar mako guda, ba a jin komai. Sannan ta fito jini ta shiga farfasa shi, a nan ne jiki ke zafi. Wasu a cikinsu su rikiɗe su zama maza da mata, su jira wani sauron ya zuƙe su, a cikin cikinsa suke haɗuwa su hayayyafa. Kowane mataki akwai ƙwayoyin gado da ke tafiyar da shi. Masana sukan lalata ƙwaya ɗaya su zuba ido su ga inda tafiyar za ta tsaya. Wata in an taɓa ta, tun a jini ake mutuwa. Wata sai an je hanta. Sai na kawo wadda na fi so, wadda na yi babi guda a kanta. Na ce da wannan ƙwayar ba a ganin komai, ana girma lafiya lau, sai an zo haihuwa namijin ya kasa. Macen ba abin da ke samunta. Namijin ne kawai, daga kansa iri ya yanke.

Inna Naja ta ce, "Wato ba a gani tun suna ƙanana?" Na ce ba a gani, sai lokacin ya yi. Wata daga baya ta ce su wa ke wannan aiki. Na ce yawanci Turawa, su ke da kayan yi.

Wurin ya yi tsit. Na ɗauka daɗin bayanin ne.

Abin da ke damuna: ban faɗa masu cewa a ƙwayar cutar ɓera aka yi yawancin binciken ba. Kuma mako guda a hanta na ta mutum ne, ta ɓera ba ta kai haka ba. Na haɗa biyu wuri ɗaya. Da Dakta Jamaluddeen da ya duba kundina ya ji, da jan biro ya yi aiki.

Usaini ɗan Yaya ya yi ƙiba, har ya iya cewa "Anti Fuza". Shekara takwas Yaya tana jira kafin ta samu tagwayen nan, Hassan kuma bai kwana a duniya ba. Ko ƙuda ba ta bari ya sauka a kan Usaini.

Lahadi, 29 ga Agusta

Na duba takarduna. Ta ɓera kwana biyu, ta mutum shida zuwa bakwai. In na koma zan gyara.

Juma'a, 10 ga Satumba

An yanke sabis ɗin waya, mu da Safana da sauran ƙananan hukumomin da ke bakin daji. An ce don a toshe wa ɓarayin daji hanyar magana ne. Ba kira, ba saƙo. Dakta ya ce zai turo mani bayani kan digiri na biyu, yanzu sai dai in wani zai shiga Katsina in ba shi wayata ta shaƙi iska.

Gobe a fara zagaye na uku.

Litinin, 13 ga Satumba

Ban san ta inda zan fara ba.

Da azahar Fanta ta shigo asibiti, ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Farfesa, zo nan." Ta ja ni bayan ɗakin awo ta buɗe jakarta. Kusan rabin maganin Darini ya dawo.

Ta ce yara mata duk sun sha. Maza kuwa an ɓoye su. Wannan ya tafi gona, wancan yana gidan kakarsa, wani ma an ce barci yake alhali tana ganin ƙafarsa a bayan rumbu. Sai da ta matsa wa wata ƙawarta sannan ta faɗa mata: ai ɗiyar Malam Nu'uman da bakinta ta tona, katin yana hannunta. Ƙwayar Turawa ce, ba a ganewa sai yaro ya girma ya yi aure, namiji take yanke wa iri, mace ba ruwanta.

Na ce ni ban faɗi haka ba.

Ta ce, "Wace ƙwaya kika ce ana lalatawa?" Na ce ƙwayar gado. "Ta wa?" Na ce ta ƙwayar cuta. Ta ce, "To mi ke hannunki kina nuna mutane da shi?"

Na tambaye ta Usaini. Ta ce Yaya ta ce ya bi babansa gona. "Yaro ɗan shekara biyu, Mahfuza. Ina jin tarinsa a ɗaka."

Talata, 14 ga Satumba

Na zauna na rubuta duk abin da na faɗa ranar nan yadda na tuna shi, na bi shi jimla-jimla. Ban da maganar kwanakin hanta, ba kuskure ko ɗaya. Kowace jimla zan iya kawo takardar da ta fito.

Kuma ba rashin saurare suka yi ba. Sun fi 'yan ajinmu saurare. Har bambancin namiji da mace sun riƙe, abin da malamin da aka gayyato ya yi mana jarrabawar baki sai da na maimaita masa sau biyu. Sun ɗauki bayanina daidai, sun ɗora shi a kan abin da ke hannuna.

Ban yi ƙarya ba. Ina ta nanata wannan, ban san wa nake faɗa wa ba.

Laraba, 15 ga Satumba

Na roƙi Baba in koma Darini. Ya ce a'a tun kafin in rufe baki. Ɓarayin daji sun shiga wani ƙauye ta wajen Ruma shekaranjiya, mutanensa ga su nan cike da firamaren unguwarmu da tabarmi da tukwane. Ya ce, "Ɗiya guda a can ta ishe ni fargaba, ba zan ƙara ta biyu ba."

Dole na faɗa masa dalili. Ya cire tabarau. Shekara ashirin da wani abu yana koyar da Hausa a sakandare, sai ga shi muna neman kalma ni da shi kamar masu neman allura a tsakar gida. Ya ce "iri". Na ce Baba, wannan ai ya fi muni. Ya ce "tsatso". Na ce in na ce an lalata tsatso fa? Ya ce "ƙwayar halitta", shi ake faɗa a rediyo. Na ce ga ƙwayar nan dai ba ta tafi ba. Ya shiga lissafawa da yatsu, ƙwayar hatsi, ƙwayar ido, ƙwayar magani, ƙwayar cuta, har 'yan ƙwaya na tasha. Ya ce duk abin da ya ƙanƙance a wurinmu ƙwaya ne, ba a taɓa samun wanda ya tara uku a magana ɗaya ba sai ni.

Da zai tashi ya ce, "Da kin ajiye katin nan, uwata."

Alhamis, 16 ga Satumba

Na samu Ɗanjuma mai mashin, ɗan Darini ne, yana shigowa da safe ya koma kafin la'asar. Fanta ta ba ni kati ɗaya na masu shekarun Usaini. Na ba shi, na ce ya ce wa Yaya ba ƙwayar magani nake nufi ba, ta ba Usaini yau, don Allah. Na sa ya maimaita. Ya ce, "Hajiya, saƙon kishiyoyi ma ina kaiwa bai zube ba, bare wannan."

Asabar, 18 ga Satumba

Ɗanjuma ya ce ya kai. Ta karɓa, ta ce a gaishe ni, kuma kar in damu, ta gane.

Me ta gane?

Laraba, 22 ga Satumba

Taron ma'aikata. Malam Ubaidullahi, shugaban asibitinmu, daga Safana yake zuwa, ya zo da labari. Ya ce a Tsaskiya ma an fara ɓoye yara maza. Wai wata likita ce da ta yi aiki da Turawa a ɗakin bincike, ta ga abin da ake zubawa a maganin, ta gudo gida ta tona asiri, yanzu ana nemanta. Wani ya ce Allah ya tsine wa maƙaryata. Aka ce amin. Ni ma na ji bakina ya motsa.

Fanta ba ta ɗago kai ba.

Da aka watse na bi shi ofis na faɗa masa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ke ce likitar da ta gudo daga Turai? Ke da ko Kaduna sai da rakiya?" Ya yi dariya kaɗan, sai ta ɗauke. Ya tambayi ainihin abin da na ce. Na fara daga hanta, ya ɗaga hannu. Ya ce shekara da shekaru suna lallashin mutanen nan, tun lokacin ɗigon shan-inna, gida-gida, da liman da mai unguwa, kafin a kai inda mace za ta miƙo ɗanta ba ta tambaya ba. Ya ce, "Kar ki sake yi wa kowa bayanin komai sai na ce."

Ban yi kuka a gabansa ba.

Alhamis, 23 ga Satumba

A babi na huɗu ni na rubuta da hannuna cewa in an lalata ƙwayar gado aka ga cutar tana girma daidai a jini, kuskure ne a ce ba abin da ya faru. Sai an bi ta cikin sauro, an bi ta hanta, domin ɓarnar takan jira sai an canza jiki. Dakta ya rubuta "madalla" a gefen wurin.

Ranar da na dawo daga Darini cewa na yi taro ya yi kyau.

Ni ban taɓa lalata ƙwayar gado ba ma. Ban taɓa riƙe ɓeran bincike ba. Makarantarmu ba ta da kayan. Sakamakon wasu na tara na jera a jadawali.

Litinin, 27 ga Satumba

Sun kawo Usaini.

Da hantsi, ina rubuta sunayen masu awo, na ji mashin ya tsaya har bakin baranda. Armaya'u ne, mijin Yaya, ita tana baya ta rungume yaron cikin zane, ba ta ko sa takalmi ba. Idonsa ya juye, hannu da ƙafa suna fizga. Jikinsa kamar an ɗauko shi daga kan murhu. Gwajin zazzaɓi ya nuna layi biyu, wato akwai cutar, tun kafin a ajiye shi. Malam Ubaidullahi ya yi masa allura, ya buɗe tafin hannun yaron ya nuna mani. Fari fat. Ya ce jini ya yi ƙasa ƙwarai, a wuce babban asibiti yanzu.

Na bi su. Yaya ba ta dube ni ba, ba don fushi ba, ina jin ba ta ma san ina wurin ba. Sunansa kawai take kira.

Talata, 28 ga Satumba

Armaya'u ya ba da jini, an fara ƙara wa Usaini. Jijjigar ta tsaya. Bai farka sosai ba.

Na roƙi mai gwajin jini ya bar ni in leƙa madubin likita. Ya ce ai ke 'yar gida ce, ya matsa mani.

Shekara biyu ina kallon hotunansu a takardu, yau na gan su. Zobba ƙanana, shuɗaye, a cikin jajayen ƙwayoyin jini (ga wata ƙwayar kuma), wani wurin biyu a gida ɗaya. Duk inda na juya suna nan. Can gefe na ga guda biyu masu lanƙwasa kamar ayaba. Su ne mazan da matan da na yi ta ba da labarinsu a tsakar gidan Yaya. Ba wanda ya lalata wa waɗannan komai. Lafiyarsu lau, suna jiran sauro.

Ba na son in yi lissafin nan amma kaina ya yi. Masu kamar ayaba ba sa nuna sai cutar ta yi kamar kwana goma a jini. Kafin nan kuma ta yi makonta a hanta. In aka koma baya, ranar da Fanta ta tsaya a ƙofar gidan tana jin tarinsa, suna cikin hantarsa ko sun fara fitowa. Maganin zai tarar da su tun suna kaɗan. Ranar da ni da Baba muke zaune muna neman kalma, suna ninkawa.

Alhamis, 30 ga Satumba

Usaini ya buɗe ido jiya da yamma, ya sha kunu yau. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Da rana Armaya'u ya fita salla, muka rage ni da Yaya a bakin gadon. Ta kwance bakin zanenta za ta ɗauko wani abu, sai ga katin da na aika. Ko ɗaya ba a ɓalle ba.

Na ce, "Yaya, ba ƙwayar magani nake nufi ba."

Ta ce ta ji, Ɗanjuma ya faɗa mata yadda na ce.

Na ce to me ya sa.

Ta ce, "Ta farko ba wanda ya sa ki, da kanki kika faɗa. Ta biyun na ce ko can wurin aiki ne suka matsa maki. Har addu'a na yi maki kar su kore ki."

Ta ce ya fi mako yana zafin jiki yana sauka, tana ba shi jiƙo, ta ƙi kawo shi don ta san ƙwaya za a ba shi. Ta ce da Fanta ce ta faɗi maganar, ko wani a kasuwa, da ko juyowa ba za ta yi ba. "Amma ke tun kina ƙarama ba ki iya ƙarya. Ko naman miya kika ɗauka sai kin zo kin faɗa."

Sai ta shafa kan yaron ta ce, "Shi kaɗai gare ni, shi kaɗai ga babanshi. Na ce zazzaɓi dai mun san shi."

Ba ta zage ni ba. Na so ta zage ni. Ta ce in je in ci abinci, na rame.

Lahadi, 3 ga Oktoba

An sallame su, suna gidanmu kwana biyu kafin su koma. Usaini yana tafiya yana dafa bango. Yana kallona amma bai kira sunana ba tukuna. Likita ya ce yawanci suna warwarewa sarai, a dai sa ido.

Yawanci.

Alhamis, 7 ga Oktoba

Jibi zagaye na huɗu, na ƙarshe a bana, kuma sauro bai ragu ba. In an sake ɓoye su, shi ke nan sai baɗi.

Na shirya bayani shafi biyu. Na cire kalmar gaba ɗaya: magani na ce magani, cuta na ce cuta, ta gadon kuma na kira ta "umarnin da ke cikin halitta". Na yi zane, sauro, hanta, jini, da kibiyoyi. Na gyara maganar kwanakin hanta. Na kai wa Malam Ubaidullahi. Ya karanta har ƙarshe, ya ce ba kuskure a ciki. Ya miƙo mani ya ce, "Ki je. Amma ki bar Fanta da yayarki su fara."

Baba ya yarda saboda Armaya'u ya ce shi zai zo ya ɗauke ni ya maido ni da rana tsaka. Hanya ta yi sauƙi 'yan kwanakin nan.

Asabar, 9 ga Oktoba

Tsakar gidan nan dai. Mata sun fi na wancan karon, har da maza biyu-uku a zaure suna jiyowa. An zo ganin Usaini, an kuma zo ganina. Na gaishe da Inna Naja har ƙasa, ta amsa ba yabo ba fallasa.

Takardata tana hannuna a naɗe. Na tabbatar ban taɓa jakar Fanta ba.

Yaya ta miƙe da Usaini a kafaɗa. Ban taɓa ganin ta miƙe ta yi jawabi a taro ba. Ta ce kowa ya ga yadda aka fita da yaron nan, kowa ya ga yadda ya dawo. Ta nuna ni ta ce, "Wagga ƙanwata ce, ni na goya ta. Karatu ne ya yi mata yawa ta ruɗe. Maganar ɓeraye ce aka koya masu, ta zo ta haɗa da ta mutane. Abin da ta faɗa ba haka yake ba, yarinta ce."

Ba haka aka yi ba. Ban ruɗe ba.

Wata mata, wadda nake jin ita ta tambayi su wa ke aikin wancan karon, ta ce, "Mahfuza, mu ji daga bakinki. Kuskure kika yi, ko tsoro aka ba ki?"

Amsar tana cikin takarda, shafi biyu. Abin da na faɗa daidai ne, fahimta ce ta saɓa, ga yadda abin yake. Na dubi matar. Ɗanta namiji yana maƙale da zanenta, kansa duk ƙuraje, majina har leɓe. In na ce daidai na faɗa, daidai ɗin za ta ji, sauran shafi biyun iska ce.

Na ce, "Kuskure na yi, Iya. Ban san abin da nake faɗa ba."

Sai Inna Naja ta tafa hannu ta ce, "Yo dama! Ɓera ina ya ga aure bare haihuwa ta dame shi?" Aka fashe da dariya. Wata ta ce shekara huɗu a jami'a ashe ɓeraye ake yi wa awo. Wata ta ce a ba ni rumbunta in duba mata nata, sun yi ƙiba. Kafin a watse na zama Likitar Ɓeraye, har yara sun ɗauka.

Fanta ta narka maganin a cokali. Usaini ya fara sha, ya yamutsa fuska, Yaya ta toshe masa baki da nono. Sai matar nan ta turo nata. Daga nan layi ya kama. Na riƙe kofin ruwa, shi ne aikina har aka gama.

Gida uku sun ƙi. Wani magidanci ya ce wa Fanta ta bakin zaure, maganar farko ita ce gaskiya, ta biyu gyaran hukuma ce.

A hanyar dawowa Fanta ta ce, "Farfesa, yau kin yi kyau."

Lahadi, 10 ga Oktoba

Baba ya tambayi yadda bayanin ya tafi. Na ce ban karanta ba. Ya ce to.

Laraba, 13 ga Oktoba

Fanta ta zaga jiya. Waɗanda suka karɓa sun ba yaran na kwana na biyu da na uku, ta ga katunan a ɓalle. Ta ce yanzu a Darini in mutum ya cika dogon bayani sai a ce ya sha ruwan Likitar Ɓeraye. Ta ɗauka zan ji haushi. Na ji, amma bai kai yadda na zata ba.

Dakta yakan ce kar a rufe aiki sai an jera abin da ba a sani ba tukuna. To ga shi.

Ko Usaini zai kamu ko da ya sha na Satumba. Maganin ba ya karewa ɗari bisa ɗari. Ba yadda za a yi in sani, kuma na lura ina son wannan tambayar fiye da yadda ya kamata.

Ko jijjigar ta bar masa wani abu a ka. Sai ya fara haɗa magana, wataƙila sai ya shiga makaranta.

Sauro nawa suka cije shi a makon da yake kwance a gida da masu kamar ayaba a jininsa, kuma ɗan wa suka je wa daga nan.

Yara maza nawa aka ɓoye a Tsaskiya, a Satumba da kuma wannan karon. Ba waya, kuma can ba su san fuskata ba, bare su yi mani dariya abin ya wuce. Likitar da ta gudo daga Turai har yanzu tana can tana magana.

Yadda za a yi da gida ukun nan baɗi.

Sunan abin nan da Hausa, wanda mutum zai faɗa a tsakar gida ko me ke hannunsa.

Ko ƙarya na yi ranar Asabar, da na ce ban san abin da nake faɗa ba. Lokacin da maganar ke fita daga bakina ba ni da shakka ƙarya ce.